Warware Mas'alar Akwatin Kwamfutar Wasa a Ƙasar Madakiya

An nemi mu yi bayani kan akwatin da ake harhaɗa kwamfutar wasa a cikinsa, kasancewar matasa suna ta kai-kawo da shi tsakanin Kafanchan da Madakiya ba bisa ilimi ba.

Ta'arifinsa: akwati shi ne abin da ya raba inji da ƙura ba tare da ya raba shi da iska ba. Sharuɗɗan ingancinsa uku ne.

Na ɗaya, ƙanƙanta. Allon Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, santimita 17 ne tsawo da faɗi, kuma jamhurun masana sun tafi a kan cewa ƙaramin akwati ba ya wuce lita 20. Mu a wajenmu ma'auni shi ne ɗan acaɓa. Idan akwati ya zauna a cinya har aka sauka bai nemi kuɗin kaya ba, ya inganta. Idan ya nema, wannan kabad ne.

Na biyu, shiru, kuma shiru kashi biyu ne: na haƙiƙa da na nisba. Na haƙiƙa yana samuwa ne idan an ɗauke wuta, sai dai a lokacin babu wasa, don haka ya fita daga bahasinmu. Na nisba kuwa ana auna shi da janaretan maƙwabci. Sananne ne cewa fanka mai milimita 140 da ke juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gaggawa natsuwa, amma babbar fanka tana neman babban gida, ka ga sharaɗi na biyu ya cinye na ɗaya. Wasu sun ce a kai kwamfutar bakin ruwan Matsirga, inda ƙugin ruwa ke shafe kukan kowace fanka. Mun raunana wannan ra'ayi saboda rashin soket.

Na uku, kafar iska. Idan ta yi faɗi, ƙurar hunturu ta shiga, zanzaro ya biyo baya da laka ya kafa gida a bayan katin hoto. Idan ta yi ƙunci, inji ya dahu.

In mai ja ya ce: ai gidauniyar Fantsuam ta nan Kafanchan ta taɓa gwada kwamfutar Solo mai cin wat 8.5, wadda ba ta buƙatar fanka, sai mu ce masa wannan ƙiyasi ne gurgu. Katin RTX 4090 shi kaɗai yana cin wat 450, ninki fiye da 50, kuma duk abin da ya ci zafi yake zama.

Abin da muka rinjayar: lita 18, raga mai laushi a gaba, manyan fankoki biyu, mariƙi a sama. Wanda ya tarar zanzaro ya riga ya yi gini, ya kashe inji kafin ya sa tsinke.