Dabbobin da Ke Kawo Kuɗi

A ajin adabi, dabbantarwa ba ta da wuya: ka ɗauki mutum ka mai da shi dabba. Haka ɗaliban Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo suka haddace a Jami'ar Bayero. Maroƙi kuwa ya san dabbobin ba farashinsu ɗaya ba. Ka ce wa Alhaji toron giwa, hannunsa ya nufi aljihu. Ka ce masa zaki, ya ƙara maka da babbar riga, alhali zakin nan wuni yake yana barci, matansa ke yawan fita farauta. To, gwada ce masa jaki, bawan Allahn da ke kai taki gona tun asuba. Salon dai bai canza ba, amma sai a gaban alƙali za ku ƙarasa nazarin.