Tikitin Kerberos da Saɓanin Agogo

Kerberos, tsarin da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, yana tantance mai amfani da kwamfuta ne da tikiti, wato shaidar izini mai wa'adi wadda cibiyar raba makullai ke bayarwa, mai ita kuma ya nuna ta ga sabar da ke ajiye fayilolin ma'aikata kafin a buɗe masa. Wa'adin tikitin a Active Directory, tsarin kula da asusun ma'aikata da ke amfani da Kerberos, awa 10 ne muddin ba a sauya shi ba, shi ya sa aikin da aka bari yana gudana cikin dare a kan Linux kan wayi gari an hana shi shiga idan ba a sabunta tikitin ba.

Abin da ya fi wahalar da injiniyoyi dai shi ne agogo, domin tsarin yana hatimce buƙata da lokaci don kada ɓarawo ya kwafe ta ya sake aikawa, kuma idan ba a sauya ƙa'idar ba, ba ya lamuntar saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da saba, haƙurin da ko mai kiran ɗaurin aure na ƙarfe goma zai ga ya yi kaɗan. Sau da yawa akan sauya kalmar sirri, a zargi bairos, a tuhumi sabon ma'aikaci, a kira taron gaggawa, alhali ƙaramin batirin da ke riƙe agogon na'urar ne ya mutu. Umarnin klist, mai jero tikitocin da ke hannu da wa'adinsu, shi ya kamata a fara bugawa kafin a kira taron.