Kowa da Abin da Yake Tokare Ƙofarsa

Tun da ƙyauren ƙarfe ya kori asabari daga ɗakuna, gidajen da ke bakin babbar hanya, daga Gidan Rumji zuwa Cadawa, Agye har Gazawa, suka samu sabon ciwon kai. Iskar hunturu ta kaɗa, ko hadari ya taso daga gabas, sai ka ji garam! Ƙyaure ya mari bango, yaɓe ya zubo, jariri ya farka. Masu sayar da kayan gini a Maradi suna da maganin abin: ɗan matokari mai kan roba, bai wuce tsawon yatsa ba, a kafe shi a bango ya tare ƙyauren. Amma ba kowa ne ya yarda da shi ba, kuma waɗanda suka yarda ma iri-iri ne.

Akwai Alhaji mai ginin siminti. Shi nasa mai maganaɗisu ne, wanda ke cafke ƙyaure ya riƙe. Baƙo bai gama sallama ba an ja shi bayan ƙofa. "Tsaya ka ji," in ji Alhaji, ya tura ƙyauren, ƙas! Sai ya dube ka yana jiran yabo. Sau uku zai maimaita kafin a kawo maka ruwan sha.

Maƙwabcinsa shi ne abin tausayi. Ya gani ya yi sha'awa, ya manta bangonsa na laka ne. Wanda ya ƙera abin nan bulo da siminti ya sani, bai taɓa jin labarin tubali ba. Ranar farko ƙusa ta zauna daram. Kwana uku ta fara lilo. Ranar da iskar gaske ta zo, matokari ya fito da gudan bango kamar an cire haƙori. Ya matsa gefe ya sake kafawa. Yanzu bayan ƙofarsa ramuka bakwai ne a jere, gidan haya na ƙadangaru, uwargida kuwa ba ta cewa komai sai, "Malam, yau ina za a koma?"

Sai mai dutse. A ƙasar da yashi ya yi mata yawa, dutse ba abin banza ba ne, nasa kuwa ɓarin dutsen niƙa ne da ya gada. Zai gaya maka yana nan wurin tun kafin a cire Gazawa daga Agye a 2011. Babu ɗan yatsan ƙafa a gidan da bai gaisa da shi da asuba ba. In ka yi tuntuɓe, laifinka ne: dutsen ai bai matsa ba.

Na fi son manomin aya. Da kaka buhu guda yake jinginawa a ƙyaure, ko guguwa ba ta motsa shi. Buhu na raguwa, ƙyaure na samun 'yanci. Maƙwabta ba sa buƙatar tambayar halin da gidan ke ciki; ranar da suka ji ƙofa ta fara buga bango, sun san an kai mudun ƙarshe kasuwa.

Mai dabara kuma ba ya fid da ko dala. Tsohon silifa ya naɗe biyu ya buga da ƙusa, ko ya yanko gefen tayar babur. Abin haushi, nasa ya fi na kowa aiki, sai dai duk wanda ya shigo sai ya tambayi inda ɗaya ƙafar take.

Mushe, tsohon malamin lakwal, shekara biyu ke nan yana awo. A sama za a kafa, daidai mariƙi, ko a ƙasa kusa da daɓe? Ya zana alama da alli, ya goge, ya sake zanawa. Matokarin na nan cikin ledarsa a aljihun tebur.

Akwai kuma wanda Allah ya ba 'ya'ya goma sha ɗaya. "Kai, zo ka riƙe ƙofar nan!" Nasa matokarin yana cin tuwo, yana kuma gudu in an buga ƙwallo a waje.

Na kai wa kakata matokari mai kan roba guda ɗaya a wani ƙauye kusa da Tsibiri. Ta juya shi a hannu, ta dubi asabarinta da iska ke ɗagawa yana sauka ba ƙara, ta ce, "Ɗan nan, kafa mini shi can sama." A nan take rataye carbinta.