Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Takardar Sabuwar Siga

Hajiya,

Ina fatan kina nan lafiya a lungun da aka ajiye ki, inda ba mai leƙo ki sai wanda aikinsa ya riga ya wargaje. Ni ɗaya ne daga cikin masu rubuta manhaja da ke cin abinci da laburaren da kike yi wa shela. Duk ranar da maginansa suka saki sabuwar siga, ke suke turowa ki gaya mana abin da ya canja. A kan wannan aiki naki nake da ƙorafi, kuma a bainar jama'a zan faɗa, tunda ke ma a bainar jama'a kike ɓoye mana magana.

Layi ɗaya kika haddace tun kina ƙarama: "An gyara wasu kurakurai, an kuma inganta aiki." Waɗanne kurakurai, Hajiya? Wanda ya hana ni barci yana cikinsu, ko in ci gaba da lallaɓa facin da na yi masa? Aikin wa aka inganta, nawa ko na wanda ya rubuta ki? Halinki ɗaya da mai gidan hayar da ya canja kwaɗon ƙofar zaure cikin dare, ya manna takarda cewa an ƙarfafa tsaro, bai faɗi wurin wa makulli yake ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma 'yan haya a waje suka kwana.

Ranar da kuma kika tashi da surutu, abin ya fi muni. Sai ki kwaso duk ɗan abin da magina suka rubuta wa junansu a Git ki zube mana: "gyaran rubutu", "gyaran gyaran jiya", "an haɗe reshen wane", "yanzu dai ya kamata ya yi". Can a tsakiyar tarin, tsakanin wani waƙafi da aka gyara da wani fayil da aka sake wa suna, nan kika binne labarin cewa an cire umarnin da manhajata ke kira tun daga safe har dare. In na yi magana ki ce ai kin faɗa. Kin faɗa mana, amma cikin raɗa, a tsakiyar kasuwar surutunki. Saboda irin wannan hali ne Olivier Lacan ya fito da ƙa'idar Keep a Changelog a 2014, ya yanka miki ɗakuna shida: abin da aka ƙara, abin da aka canja, abin da ake shirin sallama, abin da aka cire, abin da aka gyara, da abin da ya shafi tsaro. Har ginin an yi miki kyauta, kin ƙi tarewa.

Sai maganar lambobin siga guda ukun nan da kike ɗaurawa a goshi. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, shi ya rubuta yarjejeniyarsu, kuma ba ta da wuyar ganewa. Idan ta ƙarshe ta motsa, gyara aka yi, kowa ya sabunta hankali kwance. Idan ta tsakiya ce, an ƙaro sabon abu, tsohon yana nan yadda yake. Idan ta farko ce, to a ɗaure ɗamara, wani abu zai karye. Ke kuwa sai ki matsar da ta ƙarshe daga 3 zuwa 4, ki sunkuyar da kai kamar ba ki yi komai ba, alhali kin sauya abin da umarni ke mayarwa idan bai sami komai ba. Ba na ma son in taɓo 'yan uwanki da suka shekara da shekaru suna zaune a kan siga mai farawa da sifili, don yarjejeniyar ta ce a nan komai na iya canjawa a kowane lokaci. Sun sami inuwa, sun ƙi girma.

Na san abin da za ki ce: ai ko na rubuta ba a karantawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Python 3 ya fito a Disamban 2008, aka ce za a rufe babin Python 2 a 2015, aka ga mutane ba su shirya ba aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020, kuma duk da haka ranar ta riski wasu suna salati. Amma dubi yadda takwararki ta gidan pandas ta yi. A siga 1.4, cikin Janairun 2022, ta ce DataFrame.append ya kusa tafiya, a koma ga concat. Laburaren da kansa ya riƙa gargaɗin duk wanda ya kira shi. Ba a cire shi ba sai a siga 2.0, cikin Afrilun 2023. NumPy ma haka ta yi da np.float: gargaɗi a 1.20, cirewa a 1.24. Wanda abin ya rutsa da shi bayan wannan, ya san wa zai zarga, kuma cikin minti biyu zai ga layin da zai canja da abin da zai sa a madadinsa. Wannan minti biyun nake roƙo.

Akwai ranar da wasa ke ƙarewa. A Disamban 2021, da aka gano ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2021-44228 a laburaren Log4j, siga huɗu aka saki cikin watan, daga 2.15.0 zuwa 2.17.1, ana toshe wata kafa wata na bayyana. A waɗancan makonnin ba wanda ya buɗe takardar siga don jin daɗin lafazi. Abu biyu kowa ke nema: tawa sigar tana cikin haɗari? Wacce zan koma? Takardar da ta saba cewa "wasu kurakurai" a ranakun zaman lafiya, da wane baki za ta yi wannan bayani ranar gobara?

Don haka, Hajiya, ga buƙatuna, ba su da tsada. Abin da zai karya aikina ki sa shi a sama, kafin gaisuwa, kafin "muna matuƙar farin cikin sanar da ku" da hoton roka guda uku. Farin cikinku ya jira. Ki nuna mini tsohon layi da sabon layi, ɗaya bisa ɗaya, don in kwafa in wuce. Ki faɗi wanda abin ya shafa. In masu Windows ne kawai, ki ce masu Windows, kada ki tayar wa kowa hankali. Idan gyaran tsaro ne, ki kira shi da sunansa da lambarsa. Kwanan wata kuma ki fara da shekara, sai wata, sai rana, domin 03/04 a Amurka Maris ne, a Ingila Afrilu. Ki tuna wani mai karanta ki da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa yake sauke sabuwar sigar, batirin kwamfutarsa na kuka, wuta ba ta dawo ba, mai aikin kuma yana ta bugo waya. Shi kike yi wa magana, ba wanda ya rubuta kod ɗin ba. Wancan ya riga ya san abin da ya yi.

Ki gaishe mini da magina. Na san da yawansu kyauta suke wannan aiki, bayan sun taso daga wanda ake biyan su, kuma Allah ya saka musu da alheri. Ki gaya musu kawai, kafin su danna saki, ɗayansu ya karanta ki kamar bai taɓa ganin cikin laburaren ba. In bai gane abin da zai canja a manhajarsa ba, a mayar da ke a sake rubutawa.

Wassalam.

Naki,
Wani mai manhaja da ya ƙulle sigarsa har sai kin yi bayani