Amale da Kwalbar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani raƙumi ne ana ce masa Amale, madugun ayari, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗauko gishirin Bilma yana saukewa a Kano. Da girma ya kama shi sai ya ajiye fatauci, ya zauna gida da matarsa Taguwa, ba abin da yake yi sai cin dabino da kurɓar shayi mai kaurin sukari.

Ana nan, ana nan, sai jiki ya fara sauyawa. Amalen da kan yi mako bai leƙa rijiya ba, yanzu randa guda ba ta kai shi la'asar. Dare ɗaya sai ya fita fitsari sau biyar, da safe a tarar kiyashi sun yi dafifi a wurin. Can kuma ƙafafu suka ɗauka. Da rana kamar tururuwa na yawo a tafinsa, da dare kamar ya taka garwashi. Ko mayafi ne ya shafe shi sai ya zabura.

Taguwa ta ce, "Maigida, mu je wurin Likita Kunkuru mana."

Ya ce, "Wa? Kunkuru? A yanki kati da hantsi, sai azahar a kira ka, sannan ya ce kawo jini, kawo fitsari. Ni ƙafa ke mini ciwo, me ya haɗa ta da fitsari?"

Ranar kasuwa ya ɗingisa ya fita. Bakin tasha ya iske taro ya yi taro, ga Gizo bisa wata tsohuwar mota, ya sha farar riga irin ta likitoci, lasifika a baki, yana ta zuba da tsamin bakinsa:

"Jama'a ku matso! Sanyi, basir, shawara, ciwon baya, ciwon jijiya, duk kwalba ɗaya! Sha yanzu magani yanzu! Daga ƙasar waje aka yi mana odarsa. Likitoci ba sa so ku san shi, don kada kasuwarsu ta mutu!"

Sai ga Kura ta faɗo tsakiyar fili tana tsalle, tana rantsuwa cewa shekara uku ana ɗaukarta a amalanke, kwalba biyu ta miƙar da ita. Ba wanda ya tuna cewa ɗingishin Kura na haihuwa ne, kuma har gobe tana yinsa. Ba kuma wanda ya ga ƙashin da Gizo ya ajiye mata a bayan mota.

Gizo ya hango Amale, ya duro da sauri. "Ayhaji, yanka ya daɗe! Ƙafa ce ko? Daga tafiyarka na gane. Saura kwalba uku, wani attajiri ya ce in ajiye masa, amma kai nawa ne."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amale ya kwance lalita ya biya duka ukun.

To, ƙasar wajen da ake faɗa ba ta wuce bayan ɗakin Ƙoƙi matar Gizo ba. Can take girka tukunya, ta jiƙa tsamiya da jar kanwa, ta kwarara ruwan sukari don ya shawu. Sannan ta zuba ƙwayoyin dexamethasone a turmi ta kirɓa, ta haɗa da na bitamin B6 ba awo ba ƙidaya, ta juye ciki, ta ɗura a kwalaben da yara suka tsinto a bola.

Makon farko Amale ya ji garau. Ci ya buɗe, kumatu suka ciko, maƙwabta na cewa, "Madugu, ka murmure!" Ƙishi dai ya ninka, amma ya ce zafin gari ne. Kwalba ta ƙare ya sayo wata. Ya sayar da sirdi, ya sayar da ragowar gishirin da ya ɓoye don damina.

Bayan wasu watanni, wata safiya ya farka ya ji shiru. Ba garwashi, ba tururuwa. Ya buga ƙafa a ƙasa, bai ji komai ba. Ya daka tsalle ya ce, "Taguwa, na warke!" Ranar nan shi ya hau motar Gizo ya ba da shaida, kuma shaidarsa ta fi ta Kura ciniki, don kowa ya san Amale ba ya ƙarya.

Kwana shida da haka Taguwa na shara, sai ta ga ɗigon jini a tsakar gida, ga ƙudaje na bin sawun mijinta. Ta ce, "Maigida, ɗaga ƙafar nan in gani." Ƙayar aduwa ce ta nutse a tafinsa har gindi. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi, yana wari, shi kuwa ko a jikinsa.

Wannan karon ba ta yi shawara da shi ba, ta ja akalarsa sai ɗakin Kunkuru.

Kunkuru ya ɗiga jininsa a kan 'yar na'ura, ya duba, ya girgiza kai. Ya ɗauko wani siririn zaren roba kamar gashin wutsiyar doki, ya ce, "Madugu, rufe ido. In ka ji na taɓa ka, ka ce e." Ya dangwala nan, ya dangwala can, har wuri goma. Amale ya ce, "Likita, ka fara mana."

Kunkuru ya ce, "Ai na gama. Ba warkewa ka yi ba. Jijiya ita ce maigadin ƙafa. Zafin da kake ji da, ihunta ne tana cewa ɓarawo ya shigo. Yanzu maigadin ne ya mutu, shi ya sa gidan ya yi tsit. Ɓarawon kuwa ciwon sukari ne. Wanda bai karya kumallo ba, in awonsa ya kai 126 an shiga layin masu ciwon, naka kuwa ya ninka haka. Kusan rabin masu ciwon nan jijiyarsu kan taɓu in ya daɗe."

Taguwa ta miƙa masa kwalbar, ya sa aka auna abin da ke ciki. Ya ce, "Dexamethasone na hauhawar da sukari, yana kumbura fuska, yana hana miki warkewa. B6 kuma in ya yi yawa shi da kansa yana lalata jijiya. Da fetur aka yi ta kashe maka gobara."

Amale ya ce, "To Likita, ba ni naka da zai tayar da ita."

Kunkuru ya ce, "Da ina da shi, da ni ma na sayi lasifika. Ciwon jijiya ba uwa ɗaya ta haife shi ba. Na wani sukari ne, na wani ƙarancin bitamin B12, na wani barasa, na wani kuturta, na wani ma maganin tarin fuka ne ya jawo. Sai an gano uwar ake sanin abin yi. Mai ƙarancin B12 in an yi masa allura da wuri yakan farfaɗo. Akwai irin su amitriptyline da pregabalin masu rage raɗaɗi, amma ba sa tayar da jijiyar da ta mutu. Kai naka aikin, saukar da sukari, da duba tafin ƙafa kullum, da daina tafiya ba takalmi."

Aka yi jinya wata biyu. Ƙafa ta tsira, amma yatsa ɗaya ya tafi.

Magana ta kai fadar Zaki. Aka kamo Gizo, Zaki ya ce hukunci mai sauƙi ne: ya shanye kwalba ɗaya a gaban jama'a. Gizo ya dubi kwalba, ya dubi Ƙoƙi, ya ce, "Yanka ya daɗe, bari in kewaya tukuna." Sai ya bi bango ya haye rufi, ya maƙale a lungu ya fara saƙa. Tun daga ranar bai sake hawa mota ba. A yanarsa yake talla, cikin wayar kowa, ya sauya suna, ya sauya kwalba, har da hoton likitan da bai san ana yi da shi ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.

Kai mai sauraro, in Gizo ya nuna maka lambar hukumar magunguna ta NAFDAC, ka sani lambar farko da hukumar ke ba maganin gargajiya shaida ce cewa ba a ga cutarwa a samfurin da aka kai mata ba, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Wata lambar ma a bayan ɗakin Ƙoƙi aka buga ta. In ƙafarka na zafi ko ta dusashe, kafin ka kwance lalita, je a auna maka sukari.