Ranar da na dafa bargon Teyze

Mu da ke cika baki da sanyin Jos, ashe ba mu je Konya ba ne, can tsakiyar Turkiyya. Daren da dusar ƙanƙara ta fara sauka, tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda nake kira Teyze, wato Inna, ta ga haƙorana na kaɗawa, ta ciro min yorgan. Bargo ne ɗinkin hannu, cike da gashin tunkiya, nauyinsa kamar an kwantar maka da ɗan maraƙi. Cikin kayan ɗakinta na aure ya zo gidan.

Wata uku ina morarsa, sai na kifar masa da shayi. Ɗan mutunci ba ya mayar da kayan aro da tabo. Na danna shi cikin injin wanki da gwiwa, na murɗa zafin ruwa zuwa 60, na zuba omo ba rowa.

Rabin abin da ya shiga ne ya fito. Ya takure, ya yi tauri, cikinsa ƙulli-ƙulli kamar dawo. Na ja, na taka, na yi addu'a. Ko gezau.

Teyze ta daɗe tana kallonsa kamar mai gaisuwar mutuwa. Sannan ta nuna min farin zanin da ke naɗe da shi, wanda aka yi masa ɗinki manya-manya da basilla. Ni da na ɗauka ragwancin tela ne! Ashe don a riƙa warwarewa aka yi shi haka: zanin kaɗai ake wankewa, bargon kuma a shanya ya sha iska. Gashin tunkiya kuwa, in ya haɗu da ruwan zafi da sabulu da murza, sarƙewa yake yi har abada. Da haka ma ake yin keçe, wanda da shi ake yi wa makiyayan Turkiyya kepenek, alkyabbar sanyi.

"Ɗana," in ji ta, "ka koyi sana'a ba malami."

Hukuncina ya jira bazara, lokacin da matan unguwa ke farke barguna, su wanke gashin, su shanya, su buge shi da tsumagiya har ya tashi, kamar yadda kakata ke shiɓar auduga. Yorgan 4 na buga a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta taga suna gyara min riƙon sanda.

Wanda na dafa ɗin yana bakin murhu. Kyanwar gidan ce ta gaje shi, kuma in na matso kusa sai ta yi min gurnani.