Yadda Sanduna Biyu Ke Tayar da Bashin da Aka Biya

A harshen JavaScript akwai alamomi biyu da mai rubuta manhaja ke cike gurbi da su idan bayani bai zo ba. Tsohuwar ita ce sanduna biyu, ||. Sabuwar, alamar tambaya biyu, ??, ta shigo ne a 2020. Kowace tana duba abin da ke hagunta, in bai yi mata ba, sai ta ɗauko na dama.

Sanduna biyu ba ta da haƙuri. Tana korar null da undefined, wato babu bayani sam, amma tana haɗawa da false, da rubutu marar harafi ko ɗaya, har da lambar 0.

A ɗauki misalin mai shayi a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya, wanda ƙanensa ɗalibi ya mayar masa da littafin bashi cikin waya. Ƙa'idar ita ce duk sunan da ba a rubuta wa kuɗi ba, a ɗora masa naira 500, don haka yaron ya rubuta bashi || 500. Manyan maciya bashi ba abin da ya same su, mai 3,000 yana nan da abarsa. Dattijon da ya biya tas bayan Isha'i kuwa, lissafinsa ya koma 0, sai ya wayi gari ana bin sa 500. Ya biya don gudun magana, washegari ta sake tsirowa. Shi yana rantsuwa, mai shayi yana cewa waya ba ta ƙarya. Kafin a kai ga mai unguwa, 'yan teburi sun gano lagon abin: kowa ya riƙa barin naira 10 a kansa, ya kwana lafiya.

Da bashi ?? 500 aka rubuta, da dattijo ya sha shayinsa cikin mutunci, domin null da undefined kaɗai wannan alama ke kora. Sai dai ita ma tana da nata. Akwatin da aka bari fayau a fom yakan turo rubutu marar harafi, ta bar shi ya wuce, saƙo ya fita yana gaishe da "Malam" babu suna. A irin wannan gurbi sanduna biyu ta fi dacewa. JavaScript ba ya yarda a gwama su a jimla ɗaya sai an raba su da alamar baka biyu, ( ). Python kuma ba shi da ?? ɗin, kalmarsa or halin sanduna biyu gare ta, shi ya sa ake gwada bayani da is None.